Ƙarfe a Gonar Mu'az

Wuƙar da Goggo Atika ta ba ni ranar da na shiga takaba ƙarama ce, irin ta yankan kuɓewa, mai baƙar ƙota. Ta ce kada in rabu da ita, ko ban-ɗaki zan shiga. Na karɓa da hannu biyu. Da mijina Mu'az yana raye da ya yi dariya har ya riƙe ciki, domin mu da muka saba raba jikinmu da ƙarfe saboda aiki, ga shi rana ɗaya an mayar da ni mai yawo da wuƙa.

Goggo Atika ƙanwar mahaifinsa ce. Ita ta yi masa wankan jariri, kuma da zazzaɓi ya ɗauke shi, ita ta ɗauko tabarmarta da butarta ta tare a ƙofar ɗakina, a babban gidansu na Ƙofar Marke. A wurinta mai takaba ba ta leƙa zaure, ba ta ɗaga murya, ba ta magana da namijin da ba muharraminta ba, ko da ta waya ne. Na san littafi bai tsananta haka ba. Amma na kuma san tun da aka kawo ni gidan daga Mabera ake jiran ranar da Wasila 'yar boko za ta nuna halinta, ni kuwa ban so a ce kabarin mijina bai bushe ba na fara jayayya da tsofaffi. Ni da ɗalibai ke kira Rediyo a bayan idona, sai ga ni zaune a ɗaki ɗaya cikin zafin bazara, ina amsa gaisuwa da kai. Tagar ɗakin katangar tsakar gida take kallo, katangar ma babu komai a jikinta.

Kwamfutata kaɗai Goggo ta bar mini, don a ganinta karatu ne, karatu kuwa ba ya ɓata takaba.

Ni da Mu'az fiziks muke koyarwa a jami'a, kuma abu ɗaya muke nema. Masu nazarin sararin sama sun daɗe da lura cewa taurari na juyawa da saurin da ya kamata a ce sun tarwatse, amma ba su tarwatse ba. Akwai wani abu da ke riƙe da su, ba ya haske, ba ya inuwa, kuma ya ninka duk abin da ido ke gani. Har yau ba wanda ya san ko mene ne. Wasu masana na ganin ƙwayoyinsa ba su da wani nauyin a-zo-a-gani, yawa ne kawai ya ba su ƙarfi, kuma sauƙinsu ya kai suna tafiya kamar igiyar ruwa. In haka ne, to za su riƙa girgiza maganaɗisun duniya, wannan da ke juya allurar kamfas, wata 'yar girgiza mai bugu ɗaya da ba ya sauyawa, a Sakkwato da ko'ina lokaci guda. Shi ya sa ake binne ma'aunai a ƙasashe masu nisa da juna, a bar su suna saurare shekara da shekaru, sannan a haɗa abin da suka ji a duba.

Namu ma'aunin yana cikin randa, randar kuma tana binne a tsohuwar gonar mahaifinsu, can kan hanyar Wurno, nesa da kwalta. Mun yi mata rumfar kara, muka ɗaure da igiyar kaba, ko ƙusa ɗaya babu. Faifan sola da na'urar da ke turo mana sakamako can nesa muka kafa su. Dalili shi ne abin da muke nema ya yi ƙanƙanta ƙwarai, duk ƙarfen da ya matso kusa zai rufe shi. Idan Mu'az zai je, a bakin titi yake barin babur ɗinsa wurin wani mai shayi, ya cire agogo da makullai da waya ya bar masa, ya taka da ƙafa. Har wanduna masu zariya ya ɗinka musamman don zuwa gona. 'Yan gidan ba su taɓa wahalar da kansu da sunan na'urar ba, randar Mu'az kawai suke cewa.

Wanda ya ba da gonar shi ne wansa, Alhaji Maccido, babba a gidan kuma mai sayar da hatsi a tsohuwar kasuwa. Shi ya riƙe Mu'az bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi makaranta, kuma shi ne kan gaba wurin yi masa ba'a.

"To malamin duhu, kun ishe abin ga ko hal yanzu?" haka yake tambayarsa in sun haɗu a zaure. "Mutane na biɗan abin da sunka yar, kai kana biɗan abin da ba ka taɓa aje ba."

Duk damina sai ya yi mitar gona mai kyau an bar ta tana kiwon randa. Da aka yi rasuwar ban ji an ce ya zubar da hawaye ba. Shi ne mai tsawatar wa masu kuka, shi ne mai cewa a ƙara tabarmi. Ni kuwa tun da aka aure ni ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa kiran sunansa ba. Yaya nake ce masa, daga durƙushe.

A fuskar kwamfutata randar tana zana wani koren layi, daga hagu zuwa dama. Da hantsi yakan ɗan tasa a hankali saboda rana, da yamma ya kwanta. Ban da wannan ba ya komai. Wannan layin ya zame mini tagar gaskiya, tun da ta ɗakin ba ta da amfani. In na gama lazimi sai in buɗe shi in zauna, in ce aƙalla akwai abu ɗaya na Mu'az da bai tsaya ba.

Bayan addu'ar bakwai, ran nan da la'asar sakaliya, sai layin ya yi tsalle ya hau sama, ya tsaya can har gab da magariba, sannan ya sauko. Washegari haka, jibi ma haka. Ban sha wahalar ganewa ba: mota ce ake ajiyewa kusa da rumfar. Ina cikin tunanin ko motar wa ce sai na ji Goggo tana mita da matan gida, wai Maccido ya daina zaman zaure bayan la'asar, masu zuwa gaisuwa sai su tarar da tabarma ba kowa, kuma ba ya faɗin inda yake zuwa. Na gane motarsa ce, na bar wa cikina. Sa'o'in nan zan iya yanke su in zubar, asara ce amma ba ta kisa ba. Kuma gaskiya na ji daɗi da akwai mai zuwa wurin.

Sai shanu suka bi ta gonar suka ture rumfar. Randar ba abin da ya same ta, tana ƙarƙashin ƙasa. Amma da yamma Goggo ta shigo fuskarta a sake, abin da ban gani ba tun rasuwar.

"Ɗiyata, albishirinki. Maccido ya ce abin kunya na a bar kayan ƙanen shi cikin kara kamar akurkin kaji. Za ya gina mata ɗaki na bulo, da kwano, da katanga, da ƙohwar ƙarhe wadda ko giwa ba ta turewa."

Na rage murya yadda take so na ce, "Goggo, don Allah ki gaya ma Yaya kar a yi. Wurin ba shi son ƙarhe ko kaɗan. In anka yi ginin ga, aikin ya mutu."

Ta gyaɗa kai tana murmushi, ta fita. Yaya na zaune a tsakar gida yana alwala, ina jin su ta taga.

"Ta yi godiya ƙwarai," in ji Goggo. "Ta ce kak ka wahal da kanka, ɗawainiya ta yi yawa."

"Allah sarki, kunya ta," in ji Yaya. "Ki ce mata wanga ba nata ba na, tsakanina da ɗan'uwana na."

Ba zan ce Goggo ta yi mini ƙarya ba, abin da ta ji ta faɗa. A wurinmu ba a karɓar alheri a karon farko. Mai tarbiyya sai ta ce a'a, a bar shi, an gode, mai bayarwa kuma ya san aikinsa shi ne ya ƙi ji. In ta dage da ƙi, sai a ce kai, yarinyar nan 'yar mutunci ce, a ƙara mata. Ni kaina haka aka rene ni, kuma haka na yi ranar da Yaya ya aiko mini da firji. Yanzu da nake nufin a'a ta gaske, ba ni da wata kalmar da ban riga na ɓata ba. Na sake aika Goggo washegari, na ce ta faɗa yadda na faɗa. Ta dawo ta ce Maccido ya ce Allah ya yi mini albarka, kuma katangar da za a yi kamu uku an mayar da ita ta fi tsawon mutum.

Rubuta masa saƙo ba zai yiwu ba. Yaya ba ya karanta boko, duk abin da ya shigo wayarsa miƙa wa na kusa yake yi a karanta masa da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Sai na rubuta wa abokin aikinmu Dakta Ubaidullahi, tun da a lissafin Goggo danna kwamfuta ba magana ba ce. Na ce ya je ya yi wa Yaya bayani, namiji da namiji. Ya je. An shimfiɗa masa tabarma tsakanin buhunan gero, aka dama masa fura, sannan Yaya ya ciro waya ya nuna masa hoton ƙofar da ake haɗawa wurin mai walda. A samanta an lanƙwasa ƙarfe an rubuta sunan Mu'az.

"Malama, ki gafarce ni, na kasa," haka Dakta ya rubuto mini. "Sai shafa sunan yake yi a fuskar wayar yana nuna mini. Iyakar abin da na iya cewa shi ne ko ƙofar katako ma ta isa."

Yaya ya ji wannan a matsayin ana tausaya wa aljihunsa. Ya sa aka ƙara waya mai ƙaya a saman katanga.

Daga nan layin ya haukace. Ina zaune a kan sallaya ina ganin tifa ta zo ta juye yashi, ina ganin shebur da diga suna kai da kawowa, ina ganin ranar da aka sauke rodi, domin ranar layin ya hau sama bai sake saukowa ba. Kowane tsalle na san ma'anarsa, ba kuma wanda zan iya hanawa. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba, amma tsakanina da ita akwai labule da tsohuwa da zaure cike da maza. Sau da yawa na ɗauki hijabi na tsaya a bakin ƙofa, sai in hango Goggo tana gyangyaɗi da carbin Mu'az a hannunta, in koma in zauna.

Abokan aikinmu na ƙasashen waje suka rubuto. Sun fara da ta'aziyya mai kyau. A ƙasa suka ce sun ga abin da ke faruwa da ma'aunin Sakkwato, kuma in har wurin ya sauya ke nan, dole su cire shi daga lissafi. Namu ne kaɗai a duk wannan yanki. In aka cire shi, shekarun da Mu'az ya yi yana takawa da ƙafa cikin rana sun tsaya a inda suka tsaya, kamar gini ba rufi. In ce zan tone randar in kai wani wuri, ina zan sami fili shiru irin wannan a garin da kullum ake yanka fulotai, kuma da wa zan fara daga farko?

Ranar Laraba Goggo ta kawo labarin cewa an kai ƙofa, an ɗaure rodi a ramin tushe, ranar Asabar za a zuba kankare. Abin da kankare ya kama kuwa ya kamu.

Na ji haushin kowa. Na ji haushin Goggo da kunnenta mai tace magana, na ji na Dakta da ya sayar da ni a kan kwanon fura, na ji na Yaya da bai tashi son aikin ƙanensa ba sai da ƙanen ya tafi. Har Mu'az na ji haushinsa, da ya mutu ya bar ni da mutanen da ba a iya ce musu a'a. Da yammar nan na rufe layin yau, na koma baya can cikin na bara da na bara waccan. Shi nake nema. Na san ranakun da yake zuwa, na san lokacin da yake isa. Na duba ɗaya bayan ɗaya, ko ɗan motsi babu. Mai tifa da ya zo sau ɗaya yana ciki, mijina da ya yi ta zuwa ba ya ciki. Na kifa kwamfutar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, a hankali, don kada a ce mai takaba ta ɗaga murya.

Washegari da azahar ina naɗe sallaya sai wuƙar ta faɗo daga ƙuguna ta sauka kusa da waya. Na tsaya ina kallonsu. Lokacin da Mu'az ke kwance a asibiti, Goggo ta rikice da gabas, ni na buɗe mata alƙibla a waya, kuma tun daga ranar ta yarda da kibiyar nan fiye da yadda ta yarda da ni.

"Goggo, taho ki ga wani abu."

Na ajiye wayar a ƙasa, kibiya ta nuna gabas, daidai inda muke fuskanta kullum. Na matso da wuƙar a hankali. Kibiyar ta saki gabas ta bi wuƙa. Na zagaya da ita, ta biyo ta har ta nuna ƙofar ban-ɗaki.

Goggo ta yi salati. Ta karɓi wuƙar ta gwada da hannunta, ta janye, ta sake matsowa.

"'Yar wuƙag ga ta ka karkata alƙibla?"

"Ita ta, Goggo. Randar kau ta hi wayag ga ji nesa ba kusa ba. To ina ga ƙohwa, ina ga rodi?"

Ta daɗe tana kallon kibiyar. Sannan ta ce, "Ashe da gaske kika yi."

"Tun hwarko da gaske nika yi."

"Ni na aza kara ta." Ta goge wuƙar da bakin zanenta ta miƙo mini. "Ɗiyata, wagga magana ba ni iya ɗaukar ta. In na isa gaban Maccido bakina ba ya hwaɗin ta, na san kaina. Ke za ki hwaɗa mai da bakinki. A saki labule, ni in zauna tsakani. In da laihi, bisa kaina."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya zo. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakina, Goggo ta zauna a bakin dokin ƙofa, labule a sake. Ƙafafunsa kawai nake gani ta ƙasa, da bakin farar rigarsa. Na gaishe shi, ya amsa, ya yi mini ya haƙuri.

"Malama, in godiya ta, na riga na ce a bar ta."

"Ba godiya ba ta, Yaya." Na matso kusa da labule. "Roƙo na. Ina son ka ga wani abu."

Na tura kwamfutar ta ƙarƙashin labule, na bar hannuna a kanta ina matsar da layin. Na ce masa wannan zanen shi ne abin da randar ke ji. Na nuna masa tifa, na nuna masa ranar rodi, na nuna masa ranar da aka jingina ƙofa. Na gaya masa abin da muke nema ya fi sawun tururuwa ƙanƙanta a kan layin nan, kuma in aka zuba kankare gobe, randar ba za ta sake jin komai ba sai ginin da ke kanta. Na faɗa ba kwana-kwana, ban sa godiya a farko ba, ban sa a ƙarshe ba. Ban taɓa jera masa magana uku ba sai ranar.

Can sai na ga yatsansa ya sauko kan gilashin, can baya kafin a fara gini.

"Wanga hwa? Da ka hawa shi sauka, shi hau shi sauka?"

Na so in ce ban sani ba. Na ce, "Motarka ta, Yaya. Bayan la'asar."

Goggo ta juya ta dube shi. Ƙafafunsa suka matsa baya kaɗan, suka shige ƙarƙashin riga. Na ji kamar na yaye masa hula a gaban jama'a.

Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa. "To in tana ganin kowa, gwada min Mu'az. Gwada min ranad da yaz zo."

Na mayar da layin baya, wata da watanni, yana wucewa a kwance.

"Ba shi ciki, Yaya. Ni ma na biɗe shi shekaranjiya ban ishe shi ba. Bakin titi shika barin babur, shi tuɓe agogo da makullai, shi taka da ƙahwa, don kar ta ji shi. Duk inda kag ga layin ga kwance lahiya lau, to aikin shi na."

Ya ɗauke yatsansa daga kan gilashin.

"Sunan shi na sa anka rubuta bisa ƙohwar," in ji shi.

"Na sani, Yaya."

Ya tashi. Na ga ƙafafun sun nemi takalmi, ɗaya ta kuskure, ta sake nema. Ya tafi bai ce ya ji ba, bai ce bai ji ba. Ranar ma da la'asar layin ya yi tsallensa, ya daɗe a sama fiye da kullum.

Asabar tun da sassafe na buɗe kwamfuta. Da hantsi layin ya fara hauka, sama da ƙasa, fiye da duk abin da na taɓa gani. Babbar mota ce da mutane da yawa. Amma zuba kankare da kwashe rodi duk kamanninsu ɗaya a kan layi, ba yadda zan bambance. Na zauna, na tashi, na zagaya ɗakin da bai fi taku kaɗan ba. Goggo ta kawo kunu ya huce a inda ta ajiye shi. Ba wanda zan tambaya, mazan gidan duk sun fita, matan kuma abin da na sani ya fi nasu.

Bayan azahar layin ya faɗo. Ya ɗan yi rawa, sannan ya kwanta daidai inda yake kwanciya kafin rasuwar. Ban yarda ba sai da na ji hayaniyar 'yan dako a zaure. Suka shigo da ƙofar suna nishi, suka jingina ta a katangar da tagata ke kallo. Babba ce, an shafa mata koren fenti, ga sunan Mu'az a sama an lanƙwasa shi da kyau. Ban san ko don in gani aka ajiye ta nan ba, ko don ba wani wurin.

Da la'asar na jira tsallen motar. Bai zo ba. Washegari ma bai zo ba, haka har mako ya juyo. Abokan aikinmu suka rubuto cewa za su yanke makonnin ginin su zubar, amma Sakkwato na nan cikin lissafi. Na karanta ban ji daɗin da na zata ba. Yaya ya daina tsayawa a ƙofata ya yi mini ya haƙuri, in ya shigo gida sai dai in ji wucewarsa. Na ceci randar, amma mutumin da bai iya kuka a gidansa ba, na tona shi a gaban goggonsa, na kuma kore shi daga wuri ɗaya da ya samu. Kullum da yamma ga layi a kwance, ga ƙofa a jingine, ni kuma a tsakaninsu da wuƙata.

Ran nan Goggo ta shigo bayan la'asar tana mita, ta zauna tana neman allura a cikin gwangwaninta.

"Maccido ya zama wani iri. Jiya da magariba ni ac cire mai ƙaya ga ƙahwa kamar ƙaramin yaro. Babban mutum da mota tai, wai sai shi bar ta bakin titi wurin mai shayi, shi tuɓe agogo, shi bi gona da ƙahwa cikin ranag ga. Yau kuma wanduna yak kawo min in sa musu zariya." Ta lashi zare ta soka. "Af, ya ba ni saƙo gare ki. Kuma yadda yah hwaɗa zan hwaɗa, ba ni ƙara komi. Ya ce in tambaye ki, haƙorin Makka da ad bakinai, shi ma yana damun ta?"

Na ce ta gaya masa bai kai ya dame ta ba, ya tafi da abinsa.

"Sai ya dawo," in ji Goggo. "Ai ya riga ya tahi tun ɗazu."

Na jawo kwamfutar na buɗe. Layin yana tafiya daga hagu zuwa dama, a kwance, ko ɗan motsi babu. Na zauna ina kallonsa har aka kira magariba.